Tambayar Mma Azara

Na sauka a Tamale, a arewacin Gana, da hantsi, ƙafafuna a kumbure, ba ni da kome a hannu sai ledar da na zuba takalmina na zuwa coci. Jakata ta rabu da ni tun a Bawku. Wani mai fara'a da ya yi ta kirana ɗan'uwa tun daga kan iyaka ya ce in je in sayo mana ruwa, shi zai riƙe mana wuri a mota. Na dawo na tarar da wuri, ban tarar da ɗan'uwa ba. Ba rigunan ne suka fi ƙona mini rai ba, dakuwar da mahaifiyata ta kwana biyu tana daka mini ce. Ni da ake yi wa kallon mai wayon garinmu, ga shi an wanke ni tas da ruwan leda biyu.

Sunana Dauda, mutumin ƙasar Katsina. Kakana Bamaguje ne da ya karɓi addinin Kirista, a ciki aka haifi ubana, a ciki aka haife ni. Ikilisiyarmu ce ta haɗa ƙarfi ta turo ni karatun tauhidi a wata makarantar horar da fastoci da ke bayan unguwar Choggu a Tamale. Ba don na fi kowa tsoron Allah aka zaɓe ni ba. Baki gare ni, tun ina ƙarami ba a kayar da ni a musu, sai dattawa suka ga gara a kai bakin nan inda zai yi amfani.

A makaranta aka ce mini iska ta yaye rufin ɗakin kwanan ɗalibai, kowa ya nemi wuri a gari. Na fito bakin titi na tsaya kamar wanda aka dasa. Wata mai sayar da koko ta ji ina gunaguni da Hausa, ta miƙo mini kofi ba tare da na tambaya ba, ta ce in hau yelo-yelo, wato Keke Napep ɗinsu, in ce a kai ni Moshi Zongo gidan Baba Isaka. "Mutanen ku ne," in ji ta. "Kakan shi daga can ya zo."

Baba Isaka dogon tsoho ne mai shagon huluna da darduma a kasuwa. Da ya ji kalmar Katsina sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Kakansa ya zo da ayarin goro bai koma ba, shi kuwa bai taɓa ganin garin ba, amma ya tambaye ni ganuwa da ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya kamar jiya ya baro su. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, wadda mu muke kira lalo. Ina cikin lashe hannu aka kira azahar. Aka ajiye mini buta. Kafin in ankara maza sun tsaya a zaure sun bar mini gaba, don a unguwar nan baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa shi ake turawa ya ja salla, a ɗauka cewa can kowa da karatu ake haihuwarsa.

Na miƙe na ce, "Baba, ni Kirista ne." Da ƙyar ni kaina na ji muryata.

Maza suka juyo suna kallona. Sai Mutala, babban ɗan Baba mai gyaran babur, ya fashe da dariya. "Bahaushe Kirista? Akwai shi a duniya? Masa, kai ne na fari da na gani, walahi." "Masa" a bakinsu maigida ke nan.

Baba ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To, matsa inuwa ka zauna, kar ka tare mana sahu." Suka yi sallarsu. Da suka idar ya sa aka share mini ɗakin da ke kusa da rijiya, aka ba ni tabarma da riguna biyu na Mutala.

Ya kamata wannan ya kwantar mini da hankali, amma bai kwantar ba. Inda na fito muna zaman lafiya da maƙwabta, muna cin naman sallarsu, suna cin shinkafar Kirsimetinmu. Duk da haka tun muna yara ake koya mana cewa akwai maganganun da ake bari a cikin coci, ba a fita da su kasuwa, ba a shiga mota da su. Na taɓa ganin yadda kalma ɗaya take tayar da unguwa. Da wannan tsoron na shigo Gana, kuma shi ɓarawon Bawku bai ɗauke mini ba.

Watannin farko kewa ta ci ni. Hausarsu ta Zongo ba ta raba mace da namiji, sai a ce da kai "matata ya tafi kasuwa", ka yi ta neman wanda ya tafi. "Paa" suke cewa a maimakon sosai, "koraa" a maimakon ko kaɗan. Su kuma tawa dariya take ba su, wai ina magana kamar rediyo. In na wuce tsofaffin Dagomba, 'yan asalin garin, na gaishe su a tsaye sai Mutala ya ja ni ƙasa, don a nan rusunawa ake yi, kana ta amsa "naa, naa" har gaisuwa ta ƙare. Fura babu irin tamu. Ranar Lahadi in shiga coci, a yi waƙa da Turanci, a yi da Dagbani, a yi da Twi, in yi ta motsa baki ina tuna muryar mahaifiyata a layin mata.

Aji ne kawai inda nake jin ni mutum ne. Malaminmu, Fasto Adongo, gajere ne mai sanƙo daga wajen Bolga, shi yake koyar da siffofin Allah. Zai jefo tambaya ya koma ya naɗe hannu. In Allah mai iko duka ne, zai iya yin dutsen da zai gagare shi ɗauka? In ya riga ya san abin da zan zaɓa gobe, ni na zaɓa ko an zaɓa mini? In ba ya canzawa, me addu'a take motsawa? Yaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki za su zama Allah ɗaya ba uku ba? A nan bakina ya samu abinci. Wadda na fi so ita ce hujjar cewa Allah ba ya shan wahala. Duk mai jin zafi, wani abu ne daga waje ya sami iko a kansa. Babu abin da yake da iko a kan Allah. Saboda haka baƙin ciki ba ya kaiwa gare shi. Na haddace ta, na kayar da wani ɗan Kumasi da ita har ya daina gaishe ni.

Akwai wani ɗaki a ƙuryar gidan Baba mai koren labule, kullum da mutane a bakinsa. Na san marar lafiya ce a ciki, ban tambayi ko wace ce ba. Wata ranar Asabar bayan la'asar Baba ya kira ni gefe.

"Dauda, roƙo nake da shi. Wadda ke ɗakin can ƙanwata ce, Azara, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta auri wani ticha Kirista, ta bi addinin mijinta. Mun yi faɗa paa a lokacin, amma jini jini ne. Mijin ya rasu, ɗanta ya rasu, na dawo da ita gida. Asibiti sun ce mu zo mu yi ta addu'a. Mutanen cocinsu suna zuwa, amma da Turanci suke mata magana, ita kuwa da Hausa take mafarki. Tun ranar da ta ji akwai Bahaushe mai karatun fasto a gidan nan take cewa a kawo mata kai."

Na ji kaina ya kumbura. Na sa takalmin coci, na bi shi.

A gidan nan ba a barin marar lafiya shi kaɗai, kuma mai zuwa dubiya ba ya leƙawa ya tafi, zama yake yi. Na tarar da ɗakin a cike. Mata a ƙasa kusa da gado, maza a kan benci ta bakin ƙofa, a tsakiyarsu Afa Yakubu, limamin unguwa, don Afa suke ce wa malami. Mma Azara tana kwance, ta rame har zoben hannunta an naɗa masa zare, amma idanunta garau.

"Kai ne Fasto na Katsina?"

"Ɗalibi ne, Mma, ban zama ba tukuna."

"Ba kome. Zauna nan, ina so in tambaya ka abu." Ta huta, ta haɗiyi miyau. "Yaro guda ɗaya Allah ya ba ni, Samuyel. Babur ya kashe shi a hanyar Savelugu, ni na wanke jinin a rigar shi. Kowa ya zo ya ce in yi haƙuri, Allah ya sani. Na san ya sani, shi ya san kome. Amma sani kala biyu ne. Dokta ya san ciwona, amma ba cikin shi ke ciwo ba. Gaya mini, Allah ya san zafin mutuwar ɗa kaman yadda dokta ya sani, ko kaman yadda ni na sani? Na kusa zuwa wurin shi. Ina so in san wa zan je in tarar."

Amsar tana kan harshena tun kafin ta rufe baki. Ba sai an je Choggu ba, kowane yaro a makarantar Lahadi ta garinmu ya san ta: mu mun gaskata cewa Allah ya ba da Ɗansa guda ɗaya, aka kashe shi a kan gicciye yana gani. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan Afa Yakubu. Ya karkato kunne, maza duk suna jira. In ce "Ɗan Allah" a gaban liman, a tsakiyar Zongo, a gidan da nake cin tuwo kyauta? Na tuna tabarmata da ɗakin kusa da rijiya.

Sai na gudu na shige aji. Na gyara murya na ce Allah maɗaukaki ne, ba ya canzawa, ba ya raguwa. Na ce mai jin zafi wani abu ne ya fi ƙarfinsa, Allah kuwa babu abin da ya fi ƙarfinsa. Na ce saninsa cikakke ne ba tare da ya ɗanɗana ba, kuma bai kamata mu auna shi da ma'aunin 'yan Adam ba. Na jera hujja a kan hujja, Hausa tana zuba daga bakina kamar ana karantawa. Ban taɓa yin magana mai tsari irin ta ranar ba.

Maza suka yi ta gyaɗa kai. Afa Yakubu ya ce, "Walahi yaron nan ya yi karatu. Abin da muke faɗa ke nan kullum."

Mma Azara ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Na gode, Fasto. Wannan kam, yayana ma ya iya faɗa mini shi, ya ma fi ka iyawa." Ta juya fuskarta bango, wata mata ta ja mata zane.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode mata. Na fita ban san yadda na sa takalmi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, don yabo ne. Labari ya zagaya unguwa cewa Kiristan Katsina ya san tauhidi. Mai shayi ya fara ƙara mini madara. Tsofaffin da nake rusuna wa suka fara kirana Afa Dauda cikin raha. Mutala ya ce, "Masa, ka burge liman paa. Ya ce saura kaɗan ka dawo gida." Kowane yabo sai in ji shi kamar mari. Na fara fita da sassafe, in dawo ta ƙofar baya, don kada in bi ta gaban koren labule.

Na kai wa Fasto Adongo maganar, amma na sa mata rigar tambayar aji. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana cin gyaɗa, na ce ina son ƙarin bayani kan ko Allah yana shan wahala. Ya ce tsohuwar koyarwar ikilisiya ita ce allahntaka ba ta jin zafi, amma Ɗan ya ɗauki jiki irin namu, kuma wanda ya ji yunwa, ya yi kuka, ya mutu, ba wani dabam ba ne, shi ne dai Allah Ɗa. Saboda haka Kirista yana iya cewa Allah ya ɗanɗana mutuwa a cikin jiki, bai yi saɓo ba. Batun ko Uban ya yi baƙin ciki kuwa, masana sun rabu. Wasu sun ce ƙaunar da ba ta jin zafin abin ƙaunarta ba ƙauna ba ce. Wasu sun ce in ka sa Allah cikin rami tare da mu, wa zai miƙo igiya? Ya ce an daɗe ana wannan musu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, kuma ba ni zan rufe shi ba.

Sai ya kakkaɓe hannu ya ce, "Wa ya tambaye ka?"

Na ce wata tsohuwa ce. Ya ce me na ce mata. Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Rabi ka ba ta. Ka zaɓi rabin da ba zai jawo maka kome ba."

Ko bayan wannan ban koma ɗakin ba. Kullum sai in ce gobe, in na ga babu mutane. Ɗakin kuwa ba ya rabuwa da mutane, ni ma na san haka, shi ya sa na zaɓi sharaɗin.

Wata safiya ina sanɗa zan fita, takalmi a hannu, na tarar da Baba Isaka zaune a bakin ƙofar baya. Bai amsa gaisuwata ba.

"Tun jiya ta daina magana," ya ce. "Zauna."

Na tsuguna a gabansa.

"Kana tsammani ban san abin da kuke cewa ba? Shekara da shekaru ni da Azara muna musu a kan shi, har mu yi wata ba mu gaisa ba. Ban yarda da shi ba koraa, kuma a kan haka zan mutu in sha Allahu. Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Amma ita da shi ta rayu, da shi ta binne miji, da shi ta binne ɗa. Yanzu ciwo ya girgiza ta, tana so ta ji shi da harshen uwarta kafin ta tafi. Ni ba zan iya faɗa ba, bakina ba zai ɗauka ba. Sai ga ka ka faɗo gidana daga Katsina, na ce to, ga mai faɗa ya zo." Ya juyo ya dube ni. "Don ka faɗa mata naku na kai ka, Dauda. In nawa ne, ai ina da liman."

Na kasa ɗaga ido. Na ce, "Baba, tsoro na ji."

"Na gani. Wa ya taɓa ka a gidan nan?"

Babu wanda ya taɓa ni. Hawaye suka zubo mini, ƙato da ni, a gaban mutumin da ƙanwarsa ke mutuwa, har shi ne ya dafa kafaɗata. Ya miƙe ya ce in biyo shi.

Ɗakin yana nan a cike yadda na bar shi. Afa Yakubu ya zo dubiyar safe, yana kan bencinsa, ya yi mini murmushi ya matsa mini wuri. Ban zauna ba. Na wuce na durƙusa a gefen gado. Idanunta a rufe, numfashi yana fita da ƙyar. Baba ya zauna a ƙarshen gadon ya ɗora ƙafarta a cinyarsa.

Babu tsari a abin da na faɗa. Na ce, "Mma, ni ne Dauda. Rannan ban amsa miki ba. Ba kamar dokta ya sani ba. Mu mun gaskata Allah yana da Ɗa guda ɗaya, kamar Samuyel ɗinki. Ya zo ya zama mutum, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, aka kashe shi da rana tsaka, jini ya ɓata masa jiki, uwarsa tana tsaye tana kallo. Yadda zafi yake kaiwa ga Allah ban sani ba, malamaina ma ba su gama sani ba. Amma wanda za ki je ki tarar ba baƙo ba ne a gidan makoki. Ya shiga kabari da kansa, ya fito, kuma akwai tabo a hannunsa."

Na ji motsin benci a bayana. Afa Yakubu ya tashi a hankali ya fita tsakar gida, maza biyu suka bi shi. Ba wanda ya ɗaga murya. Baba kuwa ya kawar da fuska, yana ta istigfari ƙasa-ƙasa, duk inda na ambaci Ɗan sai ya ɗan ƙara sauti don ya rufe kunnensa, amma bai tashi ba, bai kuma saki ƙafarta ba.

Na tsaya a nan. Mma Azara ba ta motsa ba. Na zuba wa fuskarta ido ina neman ko da ƙiftawa, ban samu ba.

Baba ya share ido da hannun riga. "Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"A gefen dama ka durƙusa. Wannan kunnen ya daɗe da mutuwa, na hagu ne mai ji." Ya gyara zaman ƙafarta a cinyarsa, ya sake kawar da fuska. "Zagayo ka sake faɗa mata. Daga farko. Ka ɗaga murya."

Na zagaya.